Ba Kowace Ƙiriniya Bulala Ke Maganinta Ba

Larurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ADHD, matsala ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma. Tana bayyana ta fuska uku: yaro ya kasa tsayar da hankalinsa kan abu ɗaya, ya kasa zama wuri ɗaya, ya kuma riƙa aikata abu kafin tunani ya zo masa. Wani yaron yakan haɗa duka ukun, wani kuma guda ce ta fi rinjaye a kansa. Wani marubuci ya yi rubutu yana musun wanzuwar wannan larura ɗungurungum. A ganinsa, Turawa ne suka gaza tarbiyyar 'ya'yansu sai suka laƙaba wa ƙiriniya sunan ciwo, kamfanonin magani kuma suka samu kasuwa. Ya ce kowane yaro da rawar kai aka san shi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka malamin da ya ajiye dorina ya ci amanar iyaye. Iyaye da malamai da yawa a Samaru da Sabon Gari na Zariya za su gyaɗa kai idan suka karanta, domin da irin wannan fahimta aka rene su. Akwai ƙamshin gaskiya a wasu sassan maganarsa, amma ginshiƙinta bai tsaya ba.

Batun cewa sabon abu ne da aka ƙirƙiro don sayar da magani, tarihi ya riga ya rushe shi. A 1775 wani likitan Jamus, Melchior Adam Weikard, ya bayyana mutanen da hankalinsu ba ya tsayawa kan abu. A 1798 Alexander Crichton, likita ɗan ƙasar Sikotilan, ya yi bayani mai kama da wannan, har ya lura cewa abin yana farawa tun ƙuruciya kuma yana hana yaro karatu. A 1902 George Still ya gabatar da laccoci a Landan kan yaran da basirarsu lafiya lau take amma ba sa iya kame kansu. Duk waɗannan sun rigayi magungunan da ake zargi. Sai a 1937 Charles Bradley ya gano a Amurka cewa wani magani mai zaburar da ƙwaƙwalwa yana natsar da irin waɗannan yara, shi kuwa sinadarin da ke cikin Ritalin, maganin da ake ba masu wannan larura, a 1944 aka fara haɗa shi. An san ciwon fiye da shekara 150 kafin a samu abin da za a sayar a kansa.

Haka nan ba ciwon Turawa kaɗai ba ne. A 2007 Guilherme Polanczyk na ƙasar Birazil da abokan aikinsa sun tattara bincike sama da 100 daga sassan duniya, suka samu cewa kimanin kashi 5.3 cikin ɗari na yara ke da larurar, kuma yawancin bambancin da ake gani tsakanin ƙasashe daga hanyar ƙirge yake fitowa. A gida Najeriya, a wannan shekarar dai, Adewuya da Famuyiwa sun binciki ɗaliban firamare a Ilesha suka samu kashi 8.7. Wani nazari da ya tattara binciken da aka yi a Afirka, wanda aka buga a 2020, ya ba da kusan kashi 7.5. Babu dalilin da zai sa yaran Hayin Dogo, Bomo, Muciya ko Chikaji su fita daga wannan lissafi. Ajin da ke da yara 80, wanda ba baƙon abu ba ne a makarantun gwamnati, ana iya zaton samun huɗu zuwa shida a cikinsa. Suna nan tun da daɗewa, sunayen da ake kiransu da su ne daban: mai kunnen ƙashi, gagararre, daƙiƙi, shashasha. Wasu ma akan ce iska ce ta shafe su.

Inda marubucin ya fi ƙarfi shi ne cewa kowane yaro yana ƙiriniya. Haka ne, kuma likitoci sun san da haka, shi ya sa ba a yanke hukunci da ganin yaro yana tsalle. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013 sun shimfiɗa sharuɗɗa masu tsauri. Sai an samu aƙalla alamu shida cikin tara na rashin natsuwa, ko shida cikin tara na yawan motsi da gaggawa. Sai sun ɗauki wata shida ko fiye. Sai sun fara kafin shekara 12. Sai an gan su a wuri biyu ko sama da haka, misali gida da makaranta, ko makarantar boko da Islamiyya. Sai kuma sun wuce abin da aka saba gani ga tsararrakinsa, suna cutar da karatunsa ko zamansa da mutane. Yaron da ke tayar da ƙura a ajin malami guda amma ya natsu a ko'ina, matsalarsa tana wani wuri daban.

Bambancin ya fi fitowa idan aka zuba wa yaro ɗaya ido. A ɗauki ɗan aji uku a wata firamare a Sabon Gari. Malama ta rubuta lissafi goma a allo. Ya fara na farko daidai, domin ya iya. Kafin ya kai na biyu, ƙarar babur a waje ta ɗauke shi, fensirinsa ya faɗi, ya shiga ƙarƙashin benci nema, ya taka ƙafar na kusa da shi, rigima ta tashi. Malama ta yi tambaya, ya faɗi amsa tun ba ta rufe baki ba. An zane shi da safe, ya yi kuka, ya rantse ba zai sake ba, kuma har zuciyarsa yake nufi. Kafin a fita tara ya sake. Da aka tashi ya bar takalmi ɗaya a aji. A gida an aike shi sayen magi da gishiri, ya dawo da gishiri kaɗai bayan awa guda. Mai ƙiriniya na yau da kullum yana lissafi: yana duba idon malami, ya san ranar da zai yi da ranar da zai fasa. Wannan yaron kuwa a gaban hedimasta ma zai yi, kuma shi ne ya fi kowa shan wuyar abin da ya aikata.

Akwai kuma waɗanda marubucin bai ambata ba sam, domin ba su damun kowa. Yarinya ce a bencin baya, shiru, ido a kan allo, hankali ya yi nisa. Ba ta gama kwafe rubutu, kullum littafinta ya ɓata, a gida ta ɗora tukunya ta manta. Ba a cewa tana ƙiriniya, sai dai a ce sakarya ce ko ba ta da kan karatu. Bincike ya nuna ana samun larurar ga maza kamar ninki biyu na mata, amma matan sun fi faɗawa wannan rukuni na masu shiru, shi ya sa aka fi makara wajen gano su. Ra'ayin da ya ce duk abin ƙiriniya ce ba shi da abin da zai faɗa game da wannan yarinya.

Game da sanadi, marubucin ya ɗora laifin kan sakacin iyaye da alawa da wayar hannu. Binciken da aka yi kan tagwaye a ƙasashe da dama ya nuna gado ne ke da kaso mafi girma, kimanin kashi 74 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin yara. Sau da yawa idan aka zauna da dangi, sai kaka ta tuna cewa uban yaron ma haka ya yi. Haihuwar bakwaini da ƙarancin nauyi a lokacin haihuwa suna ƙara haɗari. Gubar dalma ma haka, kuma Arewa ta ga abin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar yara a 2010, lokacin da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara. Binciken da aka yi a Malawi da Yuganda ya nuna cewa yaran da suka tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa sukan fito da matsalar natsuwa da ta ɗabi'a daga baya. A 2007 Philip Shaw da abokansa sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar ɗaruruwan yara, suka ga cewa sashen gaba, wanda ke kula da tsari da kame kai, yana jinkirin nuna da kimanin shekara uku ga masu larurar. Sukari kuwa, nazarin da Mark Wolraich ya jagoranta a 1995 bai samu shaidar cewa yana canja ɗabi'ar yara ba. Tarbiyya tana da tasiri babba wajen sauƙaƙa larurar ko tsananta ta, amma ba ita ke haifar da ita ba. A gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, akan samu yara shida natsattsu da guda wanda ya gagari kowa.

Dole a ba marubucin gaskiyarsa a wuri guda: ana iya laƙaba wa yaro ciwon da ba shi da shi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2018 ya gano cewa a jihohin da ba a ɗaukar yaro makaranta sai ya cika shekarun shiga zuwa ranar 1 ga Satumba, yaran da aka haifa a Agusta, wato ƙananan aji, sun fi waɗanda aka haifa a Satumba samun wannan shaida da sama da kashi 30 cikin ɗari. Ƙuruciya ce kawai aka ɗauka ciwo. Wannan darasi ya shafi makarantun kuɗi na Samaru da Palladan da Hanwa kai tsaye, inda iyaye ke gasar sa yaro aji ɗaya yana ɗan shekara huɗu ko biyar, alhali shekara shida tsarin ilimi na ƙasa ya tanada. Ɗan shekara huɗu da aka zaunar awa biyar yana kwafe rubutu, idan ya yi ta mutsu-mutsu lafiyarsa ƙalau. Sannan akwai abubuwa da dama da ke kama da larurar: yunwa, ƙarancin jini, rashin isasshen barci, kunnen da ke ruwa, idon da ba ya ganin allo, wata irin farfaɗiya da yaro ke ɗaukewa na 'yan daƙiƙu yana zaune, tashin hankali a gida, da kuma darasin da ake yi da Turancin da yaro bai fahimta. Amma abin da wannan ke nunawa shi ne a yi bincike a tsanake kafin a yanke hukunci. Kuskuren da likita zai iya yi wajen gane taifod bai sa an ce babu taifod ba.

Sai batun dorina, wanda shi ne zuciyar rubutun nasa. Duka yana aiki ne bisa zaton cewa yaro ya san doka, ya auna, ya zaɓi saɓawa, don haka zafin jiya zai sa ya sake aunawa yau. Mai wannan larura ya san dokar sarai, zai iya karanto ta. Abin da ya yi masa rauni shi ne ɗan tsaikon da ke tsakanin sha'awa da aikatawa, inda tunanin zafin jiya ya kamata ya shigo. Saboda haka ake dukansa Litinin, a sake Talata, har zangon karatu ya ƙare ba abin da ya canja sai fatar jikinsa da ta saba. Malamin da ya zane yaro sau talatin kan laifi ɗaya ya riga ya gwada ra'ayin marubucin, ya kuma ga sakamakon da idonsa. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken shekara 50 da ya shafi yara sama da 160,000, suka samu cewa duka yana tafiya tare da ƙaruwar taurin kai da faɗa, ba su kuma ga alamar yana gyara ɗabi'a ba. A zahiri, yaron da aka fi duka shi ne ke fara laɓewa a hanya. Ya fito da kayan makaranta, ya ƙare a bakin kasuwar Sabon Gari ko tashar Kwangila, sai an tashi ya bi ayari ya koma gida.

Marubucin ya jingina ra'ayinsa da al'ada da addini, amma malaman Musulunci na farko sun fi shi taka tsantsan. Muhammad ibn Sahnun na Ƙairawan, ɗaya daga manyan Malikawa, wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi kan ladubban malamai inda ya ƙayyade bulala kada ta wuce uku a galibin laifuffuka, ya kuma hana malami duka cikin fushi. Ibn Khaldun ya ware babi guda a Muƙaddima yana bayanin cewa tsanantawa ga ɗalibai tana cutar da su, tana koya musu ƙarya da yaudara da kasala. Waɗannan ba Turawa ba ne, kuma sun rayu ɗaruruwan shekaru kafin a kafa kamfanin magani ko ɗaya.

Idan an ajiye bulala, me ya rage a hannun malami? Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, abin da ke ƙasa kuwa kowa ya sani. Duk shawarar da ke buƙatar kwamfuta ko mataimakin malami ba za ta yi aiki a irin wannan aji ba. Sa'ar da aka yi, mafi yawan abin da ke taimakon waɗannan yara ba ya cin ko kwabo. A dawo da yaron bencin gaba, nesa da taga da ƙofa, kusa da ɗalibi natsattse. Kafin a ba shi umarni a kira sunansa, a haɗa ido, a faɗi abu ɗaya, a sa ya maimaita. Lissafi goma a raba masa uku-uku, yana gama kashi ɗaya ya kawo a duba, wanda hakan ya ba shi damar miƙewa da izini. Motsin nan da ake yaƙi da shi a ba shi aiki: shi ne mai share allo, mai raba littattafai, mai karɓo alli daga ofis. Hana shi fita tara a matsayin horo kuskure ne, domin gudun da zai yi a fili shi ke sayo natsuwar darasi na gaba.

Yabo shi ne makamin da aka fi sakaci da shi. Yaron da ya saba jin sunansa sai a wurin laifi, ranar da malama ta ce, “Madalla, ka gama uku ba ka tashi ba,” abin yana shigarsa. Sharaɗin shi ne yabon ya zo nan take kuma ya ambaci abin da aka yi, domin alkawarin kyauta a ƙarshen zango ya yi wa irin wannan ƙwaƙwalwa nisa. Horon ma haka: ƙarami, nan take, iri ɗaya kullum, ba tare da tsawa ko kunyatarwa ba. Wata dabara da bincike ya tabbatar da amfaninta ita ce takardar rahoton yini. Malami da iyaye su amince kan abu biyu ko uku, misali zama har a gama darasi da ɗaga hannu kafin magana, malami ya sa alama a bayan littafi kullum, uwa ta duba da yamma ta yaba. Ko uwar ba ta yi boko ba, za ta gane alamar daidai da ta kuskure.

Ya kamata a dubi yinin yaron gaba ɗaya. Da yawa a Zariya suna fita boko da safe, su wuce Islamiyya da la'asar, wasu a ƙara musu lesin ko hadda da dare. Awa tara ko goma ke nan ana neman yaro ya zauna. Ga mai wannan larura, rage awa ɗaya a ba shi ƙwallo da barci da wuri ya fi ƙarin lesin amfani. Abin lura a nan, tsarin makarantar allo yana da wasu siffofi da masana ke ba da shawara a yau: kowane ɗalibi da nasa darasin gwargwadon ƙarfinsa, gajere, ana karantawa da murya jiki na kaɗawa, a biya wa malam nan take kafin a wanke a ƙara. Da za a cire dorinar a bar sauran, da makarantun boko sun samu abin koyi. Malamin Islamiyya kuma shaida ne mai muhimmanci, tunda sharaɗin gano larurar shi ne a gan ta a wuri fiye da ɗaya.

Tsoron magani da marubucin ya nuna abin fahimta ne a yankin da ya ga ɓarnar tiramadol da kodin, har gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Amma ba da magani ake farawa ba. Jagororin likitocin yara na Amurka da na Ingila duk sun sa horar da iyaye kan dabarun tarbiyya a gaba ga ƙananan yara, haka ma shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙasashe masu ƙarancin likitoci. Ga waɗanda abin ya tsananta, babban gwajin da aka buga a Amurka a 1999 kan yara 579 ya nuna cewa magani da ake bibiya da kyau yana rage alamun sosai cikin wata 14, kuma haɗa shi da gyaran ɗabi'a ya fi amfani ta wasu fuskoki. Yana da illa: rage cin abinci, hana barci, ɗan jinkirta tsawo, ƙara bugun zuciya. Masana ma suna da saɓani kan amfaninsa na dogon lokaci, har kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙi sa shi cikin jerin muhimman magunguna a 2019 da 2021. Duk da haka, bincike bai nuna cewa shan sa bisa umarnin likita yana jefa yara shaye-shaye ba, alhali larurar kanta tana cikin abubuwan da ke ƙara wannan haɗari. Magani ne da doka ta tsare, ba na sayowa a kemis bisa shawarar maƙwabci ba.

Ta fuskar inda za a je, mutanen Samaru da Sabon Gari sun fi yawancin Arewa sa'a. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen yara da na likitocin ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Abin da ke hana zuwa yawanci tsoron a ce an kai yaro asibitin mahaukata ne, shi ya sa ya fi sauƙi a fara da likitan yara, wanda zai duba ji da gani da jini da tarihin farfaɗiya kafin ya tura gaba. Addu'a da tofi ba su hana wannan. Aikin malami shi ne ya rubuta abin da ya gani na 'yan makonni, yaushe, a wane darasi, me ya faru kafin nan, ya ba iyaye su tafi da shi. Sanya wa yaro sunan ciwo ba hurumin malami ba ne.

Gyara mai ɗorewa yana wurin horar da malamai, kuma nan ma Zariya ce cibiya. Tsangayar Ilimi da Cibiyar Ilimi na Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a Samaru a 1962, da tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya, suna yaye malaman da ke cika azuzuwan Arewa, Cibiyar Malamai ta Ƙasa kuma tana nan Kaduna. 'Yan sa'o'i na koyon gane alamun da dabarun aji, a lokacin gwajin koyarwa, za su kai ga dubban yara. Ta fuskar doka, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare ga kowane yaro, jihar Kaduna kuma ta yi dokar kare yara a 2018, don haka korar yaro saboda ya gagara ba mafita ba ce da makaranta za ta riƙa ɗauka da sauƙi. Larurar ba ta ƙarewa da firamare. Yawan motsin yakan ragu da balaga, amma mantuwa da rashin tsari da gaggawa sukan bi mutane da yawa har girma, inda ake ƙiyasta kimanin kashi 2.5 cikin ɗari na manya suna da ita. Saboda haka bayanin abin da ya yi wa yaro aiki a aji shida ya kamata ya bi shi zuwa ƙaramar sakandare, inda malamai ke sauyawa kowane darasi kuma babu mai riƙe da shi yini guda.